Satifiket ɗin tsaro a Kubernetes: wanne za ka ɗauka ya riƙa sabunta maka?

Satifiket ɗin tsaro shi ne shaidar da ke ba shafin intanet damar aiki da HTTPS. Zamanin sayen satifiket na shekara guda a liƙa shi da hannu yana gab da ƙarewa. A watan Afrilun 2025 ƙungiyar CA/Browser Forum, ta masu ba da satifiket da masu burauza, ta amince a riƙa rage wa'adinsa mataki-mataki, daga kwana 398 zuwa 200 a Maris 2026, zuwa 100 a 2027, har ya sauka 47 a Maris 2029. Let's Encrypt kuwa, mai ba da satifiket kyauta, tun farkonta kwana 90 take bayarwa, kuma a Yunin 2025 ta daina tura saƙon tunatarwa cewa wa'adi ya kusa. Duk mai rukunin kwantena na Kubernetes (tsarin da ke tafiyar da manhajoji a kan sabobi da yawa) da domen fiye da biyu, dole wata manhaja ta karɓi wannan aiki.

Ni dai cert-manager, manhajar da ke nema da sabunta satifiket a cikin Kubernetes, nake ba kowa shawara. Kamfanin Jetstack ne ya fara shi, ya miƙa wa gidauniyar CNCF mai kula da Kubernetes a 2020, kuma a 2024 ya kai matakin ayyukan da gidauniyar ta ce sun balaga. Za ka rubuta saitin da ake kira ClusterIssuer sau ɗaya, ka faɗi wa zai ba da satifiket da yadda za a tabbatar domen naka ne. Daga nan kowane Certificate da ka nema, shi zai ƙirƙiri mabuɗin sirri a cikin rukuninka, ya yi magana da mai bayarwa ta ƙa'idar ACME ta neman satifiket kai tsaye, ya ajiye sakamakon a Secret, ma'ajiyar sirri ta Kubernetes. Idan kashi biyu cikin uku na wa'adin ya tafi sai ya sabunta, wato satifiket mai kwana 90 yana da rarar wata guda.

Abin da ya fi ɗaure ni da shi shi ne ba ya ɓoye gazawa. Kowace nema tana barin sawu: Certificate, sai CertificateRequest, sai Order, sai Challenge. In abu ya tsaya, ka bi su ɗaya bayan ɗaya da kubectl describe, za ka tarar da dalilin a rubuce, ko DNS (rajistar da ke haɗa domen da sabarsa) bai yaɗu ba, ko ƙofa ta 80 a rufe take. Yana kuma fitar da ranar ƙarewar kowane satifiket ga Prometheus, manhajar sa ido, sai ka sa ƙararrawa tun saura kwana 20.

Sauran fa? Traefik, manhajar da ke karɓar zirga-zirga a ƙofar rukuni, yana da ACME a jikinsa, amma sigar kyauta tana ajiye komai a fayil ɗaya, acme.json, kuma ba ta jure a tashi kwafi biyu a lokaci guda. Certbot, mai karɓo satifiket, da cron mai tayar da shi a kan lokaci, na sabar guda ne, ba na rukuni ba. Satifiket ɗin da AWS ko Google ke kula da shi yana da sauƙi, sai dai an gina shi ne don mai rarraba zirga-zirgarsu, ranar ƙaura kuma sabon aiki ne.

Zaɓin da ya fi muhimmanci ma yana cikin hanyar tabbatarwa. A HTTP-01, ana ajiye ɗan fayil a /.well-known/acme-challenge/ sai mai bayarwa ya zo ta ƙofa ta 80 ya gani. Ba ya buƙatar sirrin kowa, amma dole rukunin ya zama ana isa gare shi daga intanet, kuma ba ya ba da satifiket mai tauraro da ke rufe duk ƙananan domen. A DNS-01, ana rubuta bayanin TXT a _acme-challenge, yana aiki ko rukunin na cikin gida ne, kuma shi kaɗai ke ba da mai tauraron. Farashinsa shi ne sai ka ba manhajar ikon taɓa DNS ɗinka. Kada ka ba ta babban mabuɗin asusu. Ka yanka mata izinin yanki ɗaya tak, ko ka karkata _acme-challenge da bayanin CNAME mai juya suna zuwa wani ƙaramin yanki da ba abin da ke cikinsa. Kuma ka fara gwaji a sabar gwajin Let's Encrypt, domin ta ainihin tana ba da satifiket biyar kacal a mako ga jerin sunaye iri ɗaya.

Dalilin nacewata a kan mabuɗi shi ne abin da na gani a wani wurin da na yi aiki. Wani dillali ne ke kawo musu satifiket, a fayil ta imel, da mabuɗin sirri a haɗe, kuma kalmar sirrin DNS tana hannunsa. Da aka samu saɓani kan kuɗi, shafin ya wayi gari da jan gargaɗi a burauza, masu saye suna ta kira, ba mai iya taɓa komai.

Irin waɗannan suna da yawa, ku yi hattara. Mabuɗin da wani ya ƙirƙira ya turo maka ba sirri ba ne. A 2018 an soke satifiket kusan 23,000 na abokan cinikin kamfanin Trustico bayan shugabansa ya tura mabuɗansu ta imel, abin da bai kamata a ce suna hannunsa ba tun farko. Akwai masu karɓo na Let's Encrypt kyauta su sayar maka da sunan na shekara; danna bayanan satifiket a burauza, sunan mai bayarwa da ranar ƙarewa suna nan. Akwai masu cewa na kuɗi ya fi ƙarfin ɓoye bayanai, alhali ƙarfin daga mabuɗi da saitin sabarka yake, ba daga rasit ba. Masu tallar cewa sunan kamfaninka zai fito kusa da adireshi su ma tsohon labari suke sayarwa, Chrome ya cire wannan daga wurin tun 2019. Saƙon imel mai cewa ka biya yau ko a rufe shafinka, kada ka danna komai a ciki.

Kafin ka kafa komai, sa bayanin CAA a DNS wanda ya ambaci masu bayarwar da ka yarda da su kaɗai. Tun 2017 wajibi ne kowane mai bayarwa ya duba shi. Sannan ka riƙa leƙa crt.sh, shafin da ke nuna satifiket ɗin da aka bayar, da sunan domen ɗinka. In ka ga satifiket da ba kai ka nema ba, canza mabuɗan DNS a ranar, ka nemi a soke shi.