Fawar da aka rubuta wa wat 500 a kwali

Na sayi wannan fawa, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta, ne saboda tsohuwar kwamfutata ta tebur, wadda nake son ɗora wa katin girafik GTX 1060. Fawar da ta zo da ita wat 300 ce, kuma ba ta da wayar nan mai fin 6 da katin yake buƙata. Ramin PCIe na madabod, inda ake soka katin, wat 75 kawai yake bayarwa, katin kuwa yana cin wajen wat 120, dole sauran ya biyo ta waya daga fawa kai tsaye. Nvidia, kamfanin da ya ƙirƙiro katin, ta ce a nemi mai wat 400. Da na ga 500 ɓaro-ɓaro a jikin kwali, sai na ce ai har da rara.

Da farko ta burge ni, ba zan ɓoye ba. Ta zauna a gurbinta daram, wayar fin 24 ta kai madabod ba sai an ja ta ba, fankarta kuma shiru. Windows ta tashi, katin ya nuna, na kalli bidiyo lafiya lau.

Ina buɗe gem, hoto ya fara motsi ke nan, sai kwamfuta ta mutu ɗif kamar an zare soket. Babu saƙon kuskure, babu shuɗin allo. Na kunna, na sake shiga, ta sake mutuwa. Na duba zafin katin, bai kai inda zai kashe kansa ba. Na sauya direba, wato manhajar da ke sarrafa katin, duk kanwar ja ce. Sai na kwance fawar na karanta sitikar gefenta, wadda ko ɗaya daga hotunan tallar bai nuna ta ba. A layin +12V, wato mai volt 12, an rubuta 18A, wato amfiya 18. Ka ninka 12 sau 18, wat 216 ke nan. A wannan layin katin girafik da furosesa suke shan wuta, kuma furosesata ta zamanin da ce, mai wat 95. Haɗa da 120 na katin, ka riga ka cinye layin tun ba a zo kan faifai da fankoki ba. Fawa mai wat 500 ta ƙwarai tana ba da wajen 40A a wannan layin. Wannan ko rabi ba ta kai ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wayar fin 6 ɗin. Siririya ce, kuma da na taɓa ta bayan kwamfutar ta mutu, na ji ta da ɗumi sosai. Na yi wa mai sayarwa magana, ya ce wai katina ne mai matsala, in kuma ina so zai aiko mini da adafta daga SATA, wato filogin wutar faifai, zuwa fin 6. Haba! Filogin SATA wajen wat 54 aka yi shi ya ɗauka, kuma wutar ai daga wannan raunannen layin za ta fito. Na ari fawar wani abokina mai wat 450, da katin nan da gem ɗin nan, ta yi ta aiki har na gaji na kashe da kaina.

Na so in ba ta tauraro uku saboda shirunta, don wanda rubutu da lilon intanet kawai yake yi za ta iya riƙe shi. Amma duk sanda na tuna cewa a ɗaya daga mace-macen nan wani aiki da na bari a buɗe ya lalace, sai raina ya sake ɓaci. Tauraro ɗaya. Na nemi a mayar mini da kuɗina, na tura hoton sitikar da lissafin, har yanzu ba a ba ni amsa ba.