Moodle bayan zango uku ina koyarwa da shi

Gaskiya ba da son raina na fara amfani da Moodle ba, jami'armu ce ta ce kowane malami ya ɗora kwas ɗinsa a kai, ni kuma na saba da takarda da jan biro abina. Yanzu zango uku kenan ina fama da shi da ajin 'yan shekarar farko da ya haura mutum 300.

Ga wanda bai san shi ba, manhaja ce ta koyarwa ta intanet inda malami ke ɗora nots da tes da asaimen ɗalibai su shiga su yi, wani ɗan Ostireliya ne mai suna Martin Dougiamas ya ƙirƙire shi, ya fito a 2002, kuma kyauta ne, kowa zai iya saukewa har ya gyara shi yadda yake so. Sai dai kyautar nan da sauran aiki a bayanta, dole makaranta ta tanadi saba, wato babbar kwamfutar da za ta ɗora shi a kai, da wanda zai riƙa kula da ita, shi ya sa za ka ji malami ɗaya na yabonsa wani a wata jami'ar na tsine masa, alhali manhaja ɗaya ce. Ranar da duk ajina suka shiga tes lokaci guda komai ya tsaya cak, sabar makarantarmu ce ta kasa ɗauka, daga nan na koyi raba su rukuni rukuni.

Masu cewa zai rage maka aiki, ni ban ga haka ba, aikin dai ya dawo farko ne. Sati biyu na hutuna na ƙarar ina zuba tambayoyi a rumbunsa. Amma da zarar rumbun ya cika sai ka ce ya zaɓo wa kowane ɗalibi tambaya 20 a hargitse, ya kuma jujjuya amsoshin, A ɗin wannan ta zama C ɗin wancan. Akwai ma irin tambayar lissafi da za ka ba shi ƙa'idar kawai shi ya riƙa canza lambobin, kowa da nasa. Yana gama tes maki ya fito, ba zaman makin har tsakar dare.

Abin da ya sa na sallama masa kuwa wani shafi ne na ƙididdiga da yake ɓoye a cikin sakamakon tes, yawancin abokan aikina ba su ma taɓa buɗe shi ba. Yana nuna maka kashi nawa suka ci kowace tambaya, sannan ya nuna ko tambayar tana bambanta mai karatu da mai canki-canka. Ina dubawa sai na ga tambaya ta 7 ta yi wani iri, yaran da suka fi kowa maki su ne suka faɗi ta, na baya kuma sun ci. Na koma na karanta ta a tsanake, ashe amsa biyu ne daidai, masu zurfin karatu suka zaɓi wadda ni ban sa a matsayin daidai ba. Wallahi kunya ta kama ni, don shekaru na yi ina ba da wannan tambayar a takarda ina soke yara da jan biro kuma ba wanda ya taɓa ɗaga min murya. Na gyara amsar, na danna ya sake makin, nan take kowa ya samu haƙƙinsa.

Wajen asaimen ma ya yi. Ɗalibi ya turo PDF, ka yi masa rubutu da zane a jikin shafin ba sai ka sauke ba, in ka gaji da taifin ka naɗi murya ka faɗa masa inda ya kauce. Na lura muryar sun fi kulawa da ita, da can takarda suke karɓa su leƙa maki su ninke, yanzu har biyo ni suke da tambaya kan abin da na faɗa. Za ka iya ɓoye sunaye ma lokacin makin, kuma duk malamin da ya ce sunan ɗalibi ba ya taɓa hannunsa, to ya gwada ya gani.

Inda yake da wahala shi ne saiti, sun yi yawa, tes ɗaya sai ka bi ta kan lokacin buɗewa da na rufewa da sau nawa za a gwada da yaushe za a ga amsa. Ni da kaina na taɓa barin amsoshi a buɗe, rukunin safe suka gama suka tura wa na yamma. Littafin makin kuma sai ka zauna ka koye shi kamar wani kwas daban. Fitowar 4.0 a 2022 ta gyara fuskarsa sosai, amma har yanzu Google Classroom, irinsa na kamfanin Google wanda ya zo a 2014, ya fi shi sauƙin shiga nesa ba kusa ba, sai dai shi kuma bai kai shi zurfi a harkar tes ba. Sannan in intanet ta yanke wa yaro ana tsakiyar tes agogo ba ya jiransa, ko da yake yana ajiye amsoshi lokaci lokaci, don haka ni nakan ƙara mintuna a kan abin da zan bayar a takarda.

Satar amsa fa? Ana iya haɗa shi da Safe Exam Browser ya kulle kwamfutar, amma ba zai kulle wayar da ke ɗaya hannun ba, balle tun da ChatGPT ya fito ƙarshen 2022. Ni yanzu tes na gida ƙaramin maki nake ɗora masa, in bar su su gwada sau biyu ko uku don su koya, babbar jarrabawa kuwa sai a zaure ina tsaye a kansu.

Malami mai ƙaton aji kuma makarantarsa na da mai kula da saba, ina ba shi shawara ya rungume shi. Mai ɗalibai 25 da kawai yake son raba nots da karɓar asaimen, Classroom ya ishe shi. Zango mai zuwa zan gwada ɓangaren da ɗalibai ke duba aikin junansu, na buɗe saitinsa sau biyu ina rufewa.