Sati shida da kanula: yadda jinyar ƙanwata ta kasance

Wata biyu ƙanwata tana fama da zazzaɓin yamma, da daddare gumi ya jiƙe mata zani, ga rama. Mai kemis ɗin layinmu a Tudun Wada ya ce taifod ne. Aka sha magani, aka ƙara sha, shiru kake ji.

Da muka je asibitin da aka tura mu nan Zariya, likitan ya ɗora abin sauraro a ƙirjinta, ya daɗe bai ce uffan ba. Sai ya juyo ga Inna: "Mama, tana ƙarama tana yawan ciwon maƙogwaro?" Inna ta ce ƙwarai. Ashe irin wannan ciwon, in ba a yi maganinsa ba, yakan lalata ƙofofin da jini ke bi a zuciya, daga baya ƙwayoyin bakteriya, sau da yawa daga dasashi, su sami wurin maƙalewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su yi gaggawar allura ba. Sai da suka ɗebi jini sau uku daga wurare daban-daban, don a raini ƙwayar a gane ta. Likitan ya yi mana faɗa mai daɗi, wai kafso ɗin da muka riƙa ɗura mata na iya sa gwajin ya fito babu komai. Hoton zuciya, wanda suke kira eko, ya nuna ɗan tsiro yana rawa a kan ƙofar. Na gan shi da idona a allon, kamar guntun auduga.

Daga nan allurar ceftriaxone, maganin kashe bakteriya, ta jijiya, kullum, har sati shida. Farko sun haɗa da wani maganin bakteriyar, gentamicin, wanda kan iya taɓa ƙoda da kunne, shi ya sa suke duba ƙodarta, suna tambayarta ko kunnenta na ƙara.

Inda na ji haushi: layin eko. Kwana huɗu muna zarya kafin a kira mu. Kanula kuma duk bayan 'yan kwanaki sai an canza, hannayenta suka yi shuɗi, wata nas ɗin sai ta soka sau uku kafin ta sami jijiya. Kuɗin magani kam, sai da Yaya ya sayar da akuyoyi biyu.

Zazzaɓin ya sauka a cikin sati na biyu. Yanzu tana gida, ta fara cin tuwo da kyau, kuma sun rubuta mana takardar zuwa wurin likitan haƙori ranar Laraba.