Tsohon fiyanon iska na Estey da na saya a Jos

A wani shagon tsofaffin kayan gida da ke kusa da Kasuwar Katako na sayi wannan fiyano mai naɗewa, ƙirar kamfanin Estey na garin Brattleboro a jihar Vermont ta Amurka, kamfanin da ya daina aiki a wajajen 1960. Idan an naɗe shi sai ya koma akwati mai hannun ɗauka, wanda mutum biyu za su ciccibe su sa a bayan mota; idan an buɗe kuma ƙafafunsa su miƙe, maɓallai 49 su bayyana, da matakai biyu a ƙasa. Irinsa ne limaman coci na sojojin Amurka suka riƙa yawo da shi a Yaƙin Duniya na Biyu. Ba ya buƙatar lantarki ko batir, kuma duk wanda ɗaukewar wuta ta taɓa katse masa atisaye ya san darajar hakan.

Mai shagon dattijo ne mai haƙuri, domin ya bar ni na buɗe bayan akwatin na duba ciki ba tare da ya ɓata rai ba. Ya ce mini, "Malam, wannan kayan Turawan mishan ne." Jos ta daɗe da zama cibiyar mishan, saboda haka maganar ba ta yi nisa da hankali ba, amma babu takardar da ta raka kayan, kuma ban yarda labarin ya shiga cikin ciniki ba. Inda shagon ya gaza shi ne ajiya: an jingine fiyanon a jikin bango, ƙura ta cika shi, ɓera kuma ya ci wani sashe na ƙyallen da ke ƙarƙashin maɓallan.

Abin da ya kamata mai saye ya fi zuba wa ido shi ne zugazugin da ke ciki. Mai kiɗa yana taka matakan ne kamar yadda yaron maƙeri ke zuga wuta, sai dai ƙirar Amurka tsotso iska take yi ta ratsa ƙananan harsunan tagulla masu fitar da sauti, saɓanin ƙirar Faransa da Alexandre Debain ya yi wa rajista a shekarun 1840, wadda ke tura iskar waje. An lulluɓe zugazugin da yadi mai roba, kuma roba idan ta tsufa tsagewa take yi, balle a bushewar hunturun Filato da ke sa katako ya motse, gam ya saki. Na taka har ya cika, na ɗaga ƙafa, na danna maɓalli ɗaya: sautin ya mutu kusan nan take, alamar iska na zurarewa. Da wannan hujja na sa aka rage kuɗin, sannan na nemi sabon yadi da wani tsohon mai gyaran kayan kiɗan coci, aikin da ya ci kuɗi fiye da yadda mutum zai zata.

Maɓallan da suka yi shiru ba su tayar mini da hankali ba, domin yawanci ƙura ce ko ɗan tsinke ke maƙale wa harshen, kuma da an zaro shi da ƙugiya an share shi sai ya yi magana. Karyayyen harshe ne matsala, tunda ba a sayar da irinsa a kasuwanninmu. A nawa ba a samu ko ɗaya ba.

Bayan gyara, muryarsa tana da kauri da taushi, ta fi dacewa da raka waƙa a hankali cikin ɗaki ko ƙaramin taro. Kiɗa mai sauri ba nasa ba ne, domin muryoyin ƙasa masu kauri suna ɗan jinkiri kafin su fito, kuma ƙarfin sautin yana bin yadda ƙafa ke takawa, abin da ke ɗaukar lokaci kafin a saba. Wanda zai haɗa shi da fiyanon lantarki a situdiyo ya fara gwada su tare, saboda tsofaffin da yawa ba su zauna daidai kan ma'aunin tashin sauti na 440 (wato sautin A ya yi girgiza 440 a daƙiƙa) da ake amfani da shi yanzu ba, kuma daidaita harsunan sai an kankare su ɗaya bayan ɗaya.