Hattara da sitikar QR a wurin fakin na tashar jirgin ƙasa

Jama'a, duk mai ajiye motarsa a tashar jirgin ƙasa ta bayan gari da safe ya hau jirgi zuwa wurin aiki, ya buɗe ido. Akwai damfarar da ake yi a jikin injin biyan kuɗin fakin, ni ma saura ƙiris ta rutsa da ni.

Ranar na makara. Ina kulle mota ina jin jirgi yana shigowa. Na ga lambar QR, wato zanen nan mai kusurwa huɗu da ke buɗe shafin intanet, a jikin allon biya, na haska ta da waya, shafi ya buɗe da tambari da launi kamar na gaske. Na sa lambar mota, na fara rubuta lambar katin banki, sai shafin ya nemi ranar haihuwata da adireshin gida. Nan na yi turus. Me ya haɗa ajiye mota na wuni ɗaya da ranar haihuwa? Na sa farce a gefen lambar, sai ga ta ta ɗago. Ashe sitika ce aka manna a kan ta asali. Jirgin dai ya tafi ya bar ni, ban damu ba.

Macutan sun san inda suke kafa tarkonsu. Ƙananan tashoshi da yawa ba su da ma'aikaci a wurin fakin, kowa kuma sauri yake, ido na kan agogo. Wanda ya riga ya zauna a jirgi ba zai sake tuna batun fakin ba sai yamma, lokacin da ya dawo ya tarar da takardar tara a gilashin motarsa, don kuɗin da ya tura bai je wa masu filin ba.

Tarar ma ƙaramin abu ce. A 2023 wata dattijuwa mai shekara 71 ta haska irin wannan lamba a tashar Thornaby da ke Ingila, ta yi asarar fam 13,000. Bayan sun samu bayanan katinta, kiranta suka yi a waya da sunan ma'aikatan bankinta, da haka suka ƙarasa aikin. Kamfanin jirgin ya cire lambobin QR daga wuraren fakin na tashoshinsa. A Amurka ma an samu irin sitikun a injinan fakin na Austin da San Antonio, har FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta ƙasar, ta fitar da gargaɗi a Janairun 2022.

Don haka kafin ka haska, shafa lambar da yatsa. In ka ji tudu ko gefe ya ɗago, bar ta. Karanta adireshin da wayar ta nuna kafin ka taɓa shi, sau da yawa harafi ɗaya kawai suke sauyawa. Ni yanzu da kati nake biya a jikin injin, ko ta manhajar da na sauke da kaina tun daga gida.

In kuwa ka riga ka sa bayananka, kira lambar da ke bayan katinka nan take a toshe shi. Wanda duk ya kira ka daga baya yana neman lambar sirrin da aka turo maka ta tes, kashe wayar. Sannan ka ɗauki hoton sitikar ka kai wa ma'aikatan tashar, don ni da na dawo da yamma na tarar an sake manna wata a injin da ke ɗaya ƙofar.