Ƙaramar kyamarar nutso: ta yi a saman ruwa, ta gaza a cikin jirgin da ya nitse

Ga mai sauri, ga hukuncina: ƙaramar kyamarar nan mai kwanson roba da ake sayarwa a shagunan waya na Damagaram ta ci kuɗinta, muddin ba ka wuce mita 10 a cikin ruwa ba. Daga nan zuwa ƙasa, in ba ka riƙe da fitila, asarar batir kawai kake yi.

Sana'ata ɗaukar hoton biki da suna, daga Birni har Zango. Na san wani zai ce me ya haɗa Badamagare da nutso, a garin da ake tseren tare ƴan garuwa tun asuba. Ƙanena ne da ke karatu a Alƙahira ya ja ni zuwa Sharm el-Shek, bakin Bahar Maliya, inda na yi kwas na koyon nutso da tukunyar iska. Takardar farko tana ba ka izinin sauka mita 18, ta biyu kuma mita 30. Kyamarar na saya tun a gida, ba ta da wani sanannen suna, kwalinta dai ya ce kwanson yana jure mita 30.

A wannan kam kwalin bai yi ƙarya ba, ko ɗigo bai shiga ba. Amma sai ka kula da zoben robar da ke toshe bakin kwanson. Gashi ɗaya ko ƙwayar rairayi ta maƙale a jikinsa, ruwa ya samu hanya, domin kowane mita 10 da ka sauka, matsin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da muke ciki a doron ƙasa. Wannan matsin ne ma ke taurara maɓallan. A ƙasa sosai sai na sa babban yatsa da ƙarfi kafin su amsa.

A kan duwatsun murjanin Ras Muhammad, wani wurin nutso kusa da Sharm el-Shek, kusa da sama inda rana ke ratsawa, kyamarar ta burge ni. Jajayen ƙananan kifaye garke guda, kunkurun teku yana kiwo bai ko kula ni ba, da wani kifi mai ƙayoyi da jagoranmu ya yi mini alama in ja da baya saboda dafinsa. Launi ya fito tas. Dabara ɗaya ce: matsa kusa. Ruwa yana sa abu ya yi maka kamar ya fi girma kuma ya fi kusa, sai ka ɗauka ka isa alhali da saura. Mu da muka saba zuƙo amarya daga nesa, nan babu wannan.

Matsalar ta fito a Thistlegorm, wanda shi ne ainihin abin da ya kai ni. Jirgin dakon kaya ne na Ingila, an ƙera shi a 1940, jiragen yaƙin Jamus suka yi masa ruwan bam a daren 6 ga Oktoban 1941 yana tsaye yana jiran izinin shiga mashigin Suwez. Mutum 9 suka mutu. Yana kwance a zurfin kusan mita 30 da kayansa a ciki: babura ƙirar BSA da Norton a jere a bayan motocin Bedford, bindigogi, takalman roba, ga kawunan jirgin ƙasa biyu da fashewar ta jefar gefe. Wani Bafaranshe mai binciken ƙarƙashin teku, Jacques Cousteau, shi ne ya gano shi a shekarun 1950. Igiyar ruwa tana da ƙarfi a wurin, da igiya ake sauka, hannu ɗaya a kanta ɗaya a kan kyamara.

Ruwa yana shanye launi ne bi da bi. Ja ke fara ɓacewa tun wajen mita 5, sai ruwan lemo, sai rawaya, har komai ya koma shuɗi kamar an tsoma shi a rijiyar marina. Ɗan jan gilashin da aka haɗo a kwalin yana taimakawa a tsakiyar hanya, amma a cikin rumbun jirgin babu hasken da zai tace, ƙara duhu ma yake yi. Hotunan baburan da na ɗauka da ita ita kaɗai duk dishi-dishi ne, cike da tsaki. Ga tururi da ya taru a cikin kwanson saboda zafin kyamarar da sanyin ruwan. Ɗan ƙullin nan mai shanye danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi shi ne maganinsa. Batirin kuma bai kai ƙarshen nutso na biyu ba.

Sai da na yi hayar fitila a wurin masu kwale-kwalen aka ga bambanci: tsatsar tankin babur ta fito ja, tayoyin motar har da zanensu. Jagoran ya nuna mini in riƙe ta can gefe, nesa da idon kyamarar, in ba haka ba ƙurar da ke yawo a ruwa ita za ta haska ta rufe hoton. Kuma hoto mai kyau a can rabinsa iya tsayuwa ne. Wanda bai iya daidaita kansa da numfashi ba zai dinga harba ƙafa, ya tayar da laka, ya ɓata wa na bayansa. Taɓa kayan jirgin ko ɗaukar wani abu an hana, kuma daidai ne, wurin da mutane suka rasu ne.

Da na nuna wa kawuna, ya daɗe yana kallon babur ɗin, sai ya ce, "Kai yaro, wannan in aka fito da shi, makanikan Sabon Gari ba za su tayar da shi ba?" Na ce, "Kawu, shekara sama da 80 fa yana shan gishiri."

Mai niyyar tafiya ya ƙara batir biyu da babban katin ajiya, ya wanke kwanson da ruwan daɗi bayan kowane nutso tun gishiri bai bushe a maɓallan ba, kuma kada ya hau jirgin sama sai ya yi aƙalla awa 18 da fitowa daga nutson ƙarshe. Masu tambayata ko za ta yi aiki a tafkin Gidimuni, na gwada da damina: kwanson ya riƙe, amma ruwan ya yi laka, tafin hannuna kawai na iya ɗauka.