Na biya dala don a yi wa zanen Kawu kuɗi

Da aka zo rabon gadon Kawu, Allah ya jiƙansa, komai ya tafi daidai har aka iso kan adakar ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa. Gida an yi masa kuɗi, babur an yi masa, keken ɗinki ma an tantance na Hajiya matarsa ne, ba na mamaci ba. Da aka buɗe adakar, malamin da ke rabon ya ɗaga takarda ɗaya, ya juya ta gaba da baya, ya dube mu ta saman tabarau ya ce, "To wannan fa, dukiya ce ko tarkace?" Kowa ya yi shiru.

Kawu mai zane ne. Lokacin da littattafan soyayya ke tashe a Kano, yana cikin masu zana wa marubuta bango, yana kuma rubuta allunan shaguna a Fagge. A cikin adakar mun sami zanen bango guda 9 waɗanda duk an buga su, sai kuma abin da ko matarsa ba ta san da shi ba: shafi 22 na labarin zane, irin wanda yara ke kira kwamik, a kan wani ɗan dako a Kantin Kwari da ya tsinci jakar kuɗi. Akwati-akwati, da maganar kowa da rubutun hannunsa. Bai taɓa kai shi maɗaba'a ba.

Mun fara kiran wani dillali daga Kurmi. Ya ƙwanƙwasa adakar, ya yaba ƙarfenta, ya taya. Takardun kuwa cewa ya yi a ba mai ƙosai. Da yake ni ɗan ƙanwar Kawu ne, ba ni da ko sisi a gadon, kuma ni ne ake cewa "ya san intanet", sai aka ɗora mini aikin nemo wanda zai faɗi ƙimarsu.

Kamfanin da na samu yana ƙasar waje, ba zan kama sunansa ba. Sana'arsu ita ce ka aika hoton kayanka, su ba wani masani da ya yi aiki a gidajen gwanjo ya duba, ya rubuto maka rahoto. Da na gaya wa Hajiya haka sai ta zaro ido ta ce, "Ɗan nan, 'yan gwanjo za ka kai wa aikin mijina?" Ita Ƙofar Wambai take hangowa da tulin riguna. Sai da na yi mata bayanin cewa can gwanjo na nufin a taru a yi ta tayi har wanda ya fi kowa ya ɗauka.

Biyan kuɗin ne ya fara ba ni wahala. Dala 35 suke karɓa a kan kowane abu guda. Katina na naira ya ƙi wucewa har sau uku, sai da na ba wani abokina mai katin dala kuɗin a farashin Wapa ya biya mini. Na biya na abu biyu: bango ɗaya a matsayin samfuri, da labarin gaba ɗayansa a matsayin abu guda. Sun yarda da hakan ba gardama, na kuwa ji daɗi, don da shafi-shafi suka ce da aikin ya mutu a nan.

Fom ɗinsu kam bai san da irinmu ba. Sunan littafi, lambar fitowa, kamfanin da ya buga, lambar shafi, kuma duk wajibi ne, in ka bar gurbi ba za ka wuce gaba ba. Babu inda za ka ce ba a taɓa bugawa ba. Haka na yi ta rubuta "babu" har sau huɗu. Kamfanin da ke cewa yana yi wa zanen asali kuɗi bai kamata a ce wannan ya kuɓuce masa ba.

Inda suka burge ni shi ne umarnin ɗaukar hoto. Suna son gaba, suna son baya, suna son kusurwoyi huɗu, da rula a gefe, da hoto ɗaya wanda haske ya bugi takardar a kaikaice. Na shimfiɗa farin zane a soro da hantsi na fara ɗauka. A wannan hasken na kaikaice ne na ga abin da ban taɓa lura da shi ba duk da na sha juya shafukan. Ƙarƙashin baƙar tawada akwai layukan shuɗin fensir, siraransu, inda Kawu ya fara tsara jikin ɗan dakon kafin ya bi da alƙalami. A shafi na 6 ya zana hannun mutumin sau uku kafin ya yarda da ɗaya. A wani akwatin ya shafe bakin wani alhaji da tipeks ya sake shi, farin ya yi tudu kamar ɓawon ciwo, har ya fara tsagewa. A bayan shafi na 11 kuma ga lissafin kuɗin cefane da biro. Na daɗe a zaune da wayar a hannu ban ɗauki komai ba.

Sun yi alkawarin amsa cikin kwana biyu. Kwana 11 na yi ina duba imel, malam kuma yana aiko yaro ana tambaya. Na rubuta musu sau biyu, amsar inji kawai nake samu. Rahoton da ya zo shafi uku ne, na farkon duk maganar kare kai ce irin wadda ake manna wa kowa. Amma sauran biyun mutum ne ya zauna ya rubuta su, kuma ya duba hotunan da gaske, don har lissafin cefanen ya ambata.

Ni da na ɗauka abin da ba a taɓa bugawa ba shi zai fi tsada, tunda babu wanda ya taɓa ganinsa. Ashe a wannan kasuwa akasin haka ya fi yawa. Masanin ya ce duk zanen asali guda ɗaya ne a duniya, wanda aka buga da wanda ba a buga ba, saboda haka rashin na biyu ba shi ne ke ɗaga farashi ba. Mai saye yawanci dattijo ne da ya karanta littafin yana yaro, yanzu ya yi kuɗi, yana son ainihin takardar da aka ɗauko shafin da ya haddace. Ƙuruciyarsa yake saye. Shafin da ba a buga ba kuwa babu wanda ya girma da shi, don haka babu wanda zuciyarsa za ta buga in ya gan shi a gwanjo.

Misalin da ya kawo na je na bincika da kaina. A Janairun 2022, gidan gwanjon Heritage da ke Dalas a Amurka ya sayar da shafi ɗaya tak, na 25, daga littafin kwamik mai suna Secret Wars fitowa ta 8 ta shekarar 1984, zanen Mike Zeck, a kan dala miliyan 3.36. Dalili? A shafin ne jarumin nan Spider-Man ya fara sa baƙaƙen kayansa da suka yi suna a cikin labarin. Ɗimbin yara sun ga wannan shafi. Ba wai ya fi sauran shafukan littafin kyan zane nesa ba ne, abin da ya faru a cikinsa aka biya.

Sai ya kawo inda ƙa'idar ke karyewa, kuma nan ne na fi ƙaruwa. A Janairun 2021, gidan gwanjon Artcurial na Faris ya sayar da wani zanen Hergé, mutumin Beljiyam da ya ƙirƙiro jarumin kwamik Tintin, kusan yuro miliyan 3.2. Bango ne da ya zana a 1936 don littafin Le Lotus bleu: Tintin da karensa sun leƙo daga cikin wata ƙatuwar tulun Sin, jan dodo yana fuskantarsu a kan baƙin fili. Kamfanin buga littafin ya ƙi shi saboda buga launukan zai ci kuɗi, aka yi wani mai sauƙi. Wato ba a buga shi a littafin ba, har ma da alamar ninki a jikinsa, amma ya yi wannan tsada. Abin da ya ɗaga shi: mai zanen sananne ne, jarumin sananne ne, littafin da aka yi shi dominsa sananne ne, kuma an san dalilin ƙin sa. Wanda ba a buga ba yana tsada ne in yana jingine da wanda aka buga. Ko a wannan ɗin ma sai da aka yi jayayya kan yadda ya shiga hannun iyalan mai kamfanin, kyauta ce ko ba kyauta ba.

Wannan ya kai shi ga batun asali. Shafin da aka buga, kana iya ɗora shi kusa da littafin ka gwada layi da layi, ɗan damfara zai sha wuya. Wanda ba a buga ba babu abin gwadawa, saboda haka masu tara zane sun fi tsoronsa, kuma suna neman silsila kamar ta masu ruwaya: daga hannun wa ya fito, ya shiga hannun wa. Ya shawarce mu mu rubuta takarda, magada su sa hannu, a faɗi inda aka sami shafukan da ranar da aka same su, a haɗa da hoton adakar da bangwayen da aka buga masu sa hannun Kawu iri ɗaya. Shuɗin fensir da tipeks ɗin da na ji tsoron za su rage daraja, ya ce su ne ma shaidar aikin hannu ne, kada a kuskura a goge.

Sauran ma'aunan ya bi su a gurguje: bango ya fi shafi mai hoto ɗaya babba, shi kuma ya fi shafi mai ƙananan akwatuna. Wanda aka gama da tawada ya fi wanda aka bari a fensir. Cikakken labari a haɗe ya fi a warwatse, don haka kada mu raba shafi 22 ɗin tsakanin magada.

Akwai inda ya tsawata mini, cikin ladabi dai. Kafin in san da su, na kai shafi na 1 da na 2 wani shagon kwamfuta an yi musu lamineshin, wai ina adana su daga ƙurar hunturu. Ya ce zafi da gam ɗin ledar sun riga sun kama takardar, cire ta sai dai a yi ɓarna, kuma a wajen masu saye waɗannan biyun sun kusa tashi daga lissafi. Shafin farko fa, wanda ya fi kowanne kyau, mai hoton Kwari da sassafe ana sauke dila. Har yau in na tuna sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Ya kuma nuna tabon salatif da ya koma ruwan goro a shafi uku, da inda gara ta ci gefen shafi na 17. Ya ce a raba su da adakar ƙarfe saboda tsatsa da laimar damina, a sa kowane shafi a leda ko kwali marar asid, a kwantar da su, kada a rataye inda rana ke bugu.

Kuɗin da ya yanke: bangon da aka buga, dala 80 zuwa 150. Labarin gaba ɗaya, dala 300 zuwa 500. Ya kuma faɗi gaskiya cewa wannan kintace ne mai rauni, domin aikinsu ya dogara ne kan cinikin da aka yi a baya na mai zane ɗaya ko makamancinsa, shi kuwa bai sami ko ɗaya na Kawu ko na wani mai zanen bangon littafin Hausa ba.

A nan nake da ja da shi. Ya auna kayanmu da mudun wata kasuwa. Ya san abin da Ba'amurke ke ji in ya ga Spider-Man, bai san abin da matar Kano mai shekara 45 za ta ji ba in ta ga ainihin zanen bangon littafin da ta ɓoye a ƙarƙashin katifa tana 'yar makaranta. Bisa ƙa'idarsa shi kansa, masu sayen bangwayen nan suna Gwammaja da Hotoro, ba Landan ba. Na rubuta masa haka, na tambaye shi ko manazarta adabin kasuwar Kano a jami'o'i ba sa cikin lissafi. Tambaya ɗaya ake ba ka kyauta bayan rahoto, ya kuwa amsa da layi biyu: mai yiwuwa ina da gaskiya, amma shi ba ya yi wa kasuwar da ba a riga an kafa ba kuɗi. Na ji haushi, na kuma kasa cewa ya yi ƙarya.

Abu ɗaya da rahoton ya taɓo a layi guda, wanda ni a ganina ya fi lambobin amfani, shi ne cewa mallakar takarda daban, haƙƙin bugawa daban. Wanda ya sayi shafin Spider-Man bai sayi ikon buga shi ba. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, irin wannan zane yana da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Ke nan ko an sayar da takardun, ikon buga labarin ɗan dakon yana hannun magada sai in sun sa hannu sun sallama. Da na karanta wa malam wannan, ya gyara zama ya ce lallai abu biyu za a rubuta a takardar rabo, ba ɗaya ba.

In kana da zanen wani sananne na waje, ko kana son takarda mai hatimi da za ka nuna wa magada don a huta da zargi, dala 35 ɗin ba asara ba ce, sai dai ka shirya jira, kuma kada ka sa ranar rabo da alkawarinsu. In kuwa so kake a gaya maka nawa za a saya a Kano, ba su sani ba, sun kuma faɗa da bakinsu.

Magada sun zauna a kan ƙaramin adadin. Babbar 'yar Kawu ta karɓi shafi 22 ɗin a cikin kasonta, haƙƙin bugawa aka bar shi na tarayya. Bangwayen an raba, Hajiya ta zaɓi wanda matar ciki ke sanye da irin ɗaurin ɗankwalinta na da. Dillalin Kurmi ya dawo ya ɗauki adakarsa. Shafi na 17 yana wajena tukuna, ina neman wanda ya iya gyaran tsohuwar takarda, an ce in tambaya wajen masu kula da rubuce-rubucen ajami.